Kawu da Sammacin Kamfanin Inshora

Shekarar da iska ta kada itace a kan rufin gidanmu a garin McLeansville da ke ƙasar waje, kamfanin inshora ya yi ta yi mini yawo da hankali, har na gaji na kai ƙara. A kotu aka ba ni sammaci, aka ce sai ya isa ga kamfanin kafin alƙali ya saurare ni. Ofishinsu kuwa yana wata jiha can yamma.

A lokacin kawuna yana wurinmu, ya zo a yi masa aikin ido. Masinjan kotu ne a Jos kafin ya yi ritaya. Da ya ga takardar sai ya ajiye kofin shayinsa, ya gyara zama.

"Wannan ki bar mini, 'yata. Na taɓa zaro mutum daga cikin rumbu na damƙa masa sammaci. Wani kuma zanen matarsa ya ɗaura, ƙafarsa ce ta tona shi."

Na ce, "Kawu, lauya ya ce ba sai mun je can ba. Akwai hukumar jiha a Raleigh, babban birnin jiharmu, da ke sa wa kamfanonin inshora ido, ita ke karɓar sammaci a madadinsu. Ta gidan waya ma ana aikawa."

"Sammaci ta gidan waya? Sai ka ce katin Kirsimeti."

Ya kafe sai dai mu kai da hannu. Ya sa kaftaninsa mai guga, ya sa na tsaya a titin Gate City Boulevard muka sayi burodi da gyaɗa, wai mai kai sammaci yakan wuni a ƙofa. A hanya ya yi ta koya mini aiki: kada in ajiye mota a gaban ginin, kuma idan mun isa in fara duba ko akwai ƙofar baya.

Wata dattijuwa mai tabarau muka tarar a kantar ofishin hukumar. Ta karɓi takardun, ta duba, ta buga hatimi, ta ce za su tura wa kamfanin. Kawu ya leƙa bayanta, ya dube ni.

"Shi ke nan? Ba wanda zai gudu?"

Na fassara mata. Ta tambayi me zai sa a gudu, shi kuwa ya gyara hula ya ba ta labarin rumbu da Turancinsa na Jos. Ta yi dariya har ta cire tabarau, ta kira abokiyar aikinta ta ce ya sake daga farko.

Muka kamo hanyar gida. Can ya ce, "Mutanen kirki ne, amma sun kashe sana'ar."

Kafin ranar zaman kotu kamfanin ya aiko masu gyaran rufi. Kawu ya kafa kujera a tsakar gida, ido ɗaya a liƙe da bandeji, yana nuna musu inda suka bari. Ranar Lahadi a coci na ji yana gaya wa dattawa cewa shi ya kamo su, ni direba ce kawai.