Gilashi da Ruwan Rijiyar Wake

Ni mutumin karkarar Dogo-Dogo ne, kuma har na kai shekara arba'in ban taɓa wanke taga ba. Tagar ɗakinmu ta langa-langa ce, in ta yi datti sai ka buge ta da hula, shi ke nan. Gilashi kuwa a jikin mota na san shi, sai kofin shayi, sai ɗan madubin da matata ke duba kwalli da shi.

Na daɗe ina tafiya ci-rani. Da an ɗaure dami an zuba a rumbu sai in sauko da jakata, wata baƙar jaka mai igiya ɗaya, in tsallaka iyaka, ba a sake ganina sai hadarin farko. Shekarar da na dawo ɗiyata ta gan ni ta ruga bayan uwarta tana kuka, kamar ta ga mai satar mutane, a ranar na ce wa matata na gama tafiya. Ta ɗauki jakar ta rataye can saman ƙusa. Da wani ɗan'uwana ya samo mini aikin planto a biro, ofishin wata ƙungiyar manoma a Magariya, wato shara da goge-goge da aike, sai muka tattara muka koma can. Albashin ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, amma a gidana nake kwana, kuma in damina ta faɗi ina hawa moto in je in duba gona.

Tsohon biron ɗaki biyu ne na ƙasa, tsintsiya ɗaya ta ishe shi. Ana nan sai aka gina sabo. Tagogi goma sha huɗu, duk gilashi, manya-manya, ga ƙofar shiga ita ma gilashi. Ranar da magina suka kwashe kayansu na zagaya ginin sau biyu ina taɓa tagogin da bayan hannu. Wallahi sun burge ni, kuma ban san su ne za su nemi raba ni da tuwona ba.

Shef ɗinmu, wato shugaban biron, ɗan Damagaram ne, na girme shi, ba mugu ba ne, amma ƙazanta ce ba ya so ko kaɗan. Ya kira ni ya tsaya gaban tagar bironsa.

"Malam, nan da mako uku waɗanda suka ba da kuɗin gina wurin nan za su zo buɗe shi. Ina so in tsaya a nan in ƙirga ganyen itacen bedin can."

Na ce, "Mushe, an gama." Mushe shi ne yallaɓai a Faransancinmu.

To, a unguwarmu akwai wata rijiya da mata ke kira rijiyar wake. Ruwanta in aka ɗora wake da shi, kafin a gama jajjage ya nuna luguf. In wanki aka yi da shi, sabulu kaɗan ya isa, ruwan har santsi yake a hannu. Mata na wuce rijiya biyu su zo nan su ɗiba. A farfajiyar biro kuwa akwai famfo, amma ni na raina ruwansa, salam yake, ba ƙarfi. Na ce a raina, sabon gilashi ai sai ruwa na kirki. Kullum da safe in cika bido biyu, manyan jarkoki, a rijiyar wake, in ɗora a baro, in turo har biro ina gumi. Ba wanda ya sa ni. Ni dai ina ganin karamci nake yi wa ginin.

Ranar farko na kaɗa garin sabulu, na wanke, na ɗauraye. Tagogi suka yi fes, har ina ganin fuskata a ciki. Na tafi aike. Da la'asar na dawo, rana ta karkato ta bugi ginin ta yamma, sai na ga gilashin ya yi fari-fari kamar idon tsoho mai yana. Duk inda tsumma ya bi ya bar sawu, duk inda ɗigon ruwa ya bushe ya bar zobe.

Abin ya fi ba ni mamaki kan ya ba ni tsoro. Na zuba ruwa a kusurwa ɗaya, farin ya ɓace. Na tsaya ina kallo. Da ya bushe, ga shi ya dawo. To ina yake zuwa in ya jiƙe, kuma daga ina yake dawowa? Na goga da yatsa, ba ya fita. Na kankara da farce, ɗan gari fari ya fito. Na ce lalle sabulu ne ban ɗauraye da kyau ba. Washegari na ɗauraye sau uku, da ruwan rijiyar wake, abin ya ƙara fari.

Daga nan sai na ɗauki tagogin nan kamar gona. A gida in mun sami sabon irin gero ba ma zuba shi duka, kusurwa-kusurwa muke gwadawa. Na samo alli na yi wa kowace taga alama a jikin bango. Ta farko ruwan jabel mai sa tufafi fari, wanda mai kanti ya rantse mini da shi ake wanke asibiti. Ta biyu kalanzir, shawarar masu wankin mota na bakin tasha. Ta uku toka, wannan dabarar kaina ce. Jabel ya ɗaye mini fatar hannu. Kalanzir ya sa biron ya yi kwana biyu yana warin fitila, shef yana atishawa yana hararata. Toka kuwa kada ma a yi maganarta. Kuma kowanne in na gama sai in bi shi da ruwan rijiyata mai albarka.

Direban biro ya ga wahalata ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Kai baƙauye ne. Gilashi ruwansa daban, shuɗi ne, a Kano ake sayar da shi." Da ya tsallaka ya dawo sai ya kawo mini kwalba mai bakin feshi. Na karɓe ta hannu biyu. Ƙamshinta kamar turare. Amma kwalba ɗaya ga taga goma sha huɗu da ƙofa, ina za ta kai? Sai na juye ta a bokiti na ƙara mata ruwa. Kun san wane ruwa.

Saura mako guda shef ya sake kirana. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Malam, na ga kana ƙoƙari. Amma in abin ya gagare ka, akwai masu wannan sana'ar a Damagaram. Sai dai su ba sa karɓar taga kaɗai. Mutuminsu suke kawowa, shara da goge-goge duka."

Na gane karatun. In mutuminsu ya zo, ni sai ƙusa da jaka.

Duk wannan ban gaya wa matata ba. Ta ga hannuna ya ɗaye ta tambaya, na ce mata, "Aikin biro ne, ba na madafa ba." Har yau ina jin kunyar wannan maganar. Na tambayi mai kanti, na tambayi masu wankin mota, na tambayi direba, har wani malamin lakol na tare a hanya, amma matar da ke wanke kwanuka tun kafin in san ta ban ga ta isa a tambaye ta ba.

Magariya kuwa ba ta ɓoye magana. Matar direba ta kai mata labari. Saura kwana huɗu na dawo gida bayan la'asar, na tarar da ita zaune kan tabarma, baƙar jakar nan a cinyarta, tana ɗinke igiyar da zare biyu. Kamar yadda na saba, tsoro ya fito mini a faɗa.

"Wa ya ce ki sauko da wannan?"

"Igiyar ta tsinke, Malam. Gara in gyara tun da sauran lokaci."

"Korata kike yi?"

Ta ɗago ta dube ni, idonta ya yi ja. "In da ni ke kora, da ban jira ka shekara da shekaru ba."

Na zauna a ƙasa. Na kwashe komai na gaya mata, tun daga sabulu har ruwan Kano. Ta saurara ba ta katse ni ba, sai da na zo kan yadda farin ke ɓacewa in ya jiƙe ya dawo in ya bushe. Nan ta ajiye allura.

"Ruwan da kake turawa a baro kullum, ba na shayin ma'aikata ba ne?"

"Na wankin taga ne."

"Daga rijiyar wake?"

"Akwai ruwan da ya fi shi a garin nan?"

Ta tashi ta ɗauko bidon, ta kankari farin da ya taru a bakinsa, ta ɗora a harshe. Sannan ta miƙo mini yatsa. Na lasa. Ɗan gishiri-gishiri, ɗan bauri. Na san ɗanɗanon nan tun ina yaro, amma sai da ta faɗa ya faɗo mini.

"Kanwa ce, Malam. Kai kana tsammani me ke sa wake ya nuna da wuri? Albarka? Mu da ke ɗibarsa ba ma ɗauraye kofin shayi da shi. Mako biyu kana shafa wa tagogin mutane kanwa."

Rashin sani, kaza ta kwana kan dami. Na rasa inda zan sa fuskata, amma son sanin abin ya fi kunyar ƙarfi. Na ce to me ke cire ta? Ta ce, "Ba ka ji ana cewa kanwa ta kar tsami ba? Ai in tsamin ya fi yawa, shi ke kashe ta." Ta jiƙa ɗan curin tsamiya a kwano, ta ɗiga ruwan a bakin bidon. Na duƙa ina kallo kamar mai duban ƙasa. Farin ya yi ɗan kumfa siriri, ta sa yatsa ta shafe, ya tafi. Muka jira ya bushe. Bai dawo ba.

Washegari na yi sammako, kuma na yi irin tawa. Na ce in kaɗan ta yi aiki, mai yawa ai sai ta fi. Na dama tsamiya mai kauri na shafe tagogi uku na baya. Kafin hantsi ƙudajen Magariya kaf sun zo buɗe gini, ba su jira baƙi ba. Gilashin ya yi danƙo, tururuwa ta kama layi a bango. Allah ya taimake ni shef ya tafi Yekuwa taron manoma. Na ruga gida.

"Kunu na ce ka dama?" in ji ta. "Ruwa-ruwa za ka yi, ka tace. Kuma ka ɗauraye da ruwan famfon da ka raina."

Ita ta tace mini da tsohon mayafinta, sau biyu, har ruwan ya zama kamar shayi marar ƙarfi. Ta yaga mini wani tsohon zaninta na auduga, wanda wanki ya cinye har ba ya barin zare. Sauran na koya da kaina a kwana ukun nan. Na gane in rana na kan gilashi ba a taɓa shi, don yana bushewa kafin hannu ya kai, sai na riƙa bin inuwa, yamma da safe, gabas da yamma. Na gane tsumma biyu ake so, jiƙaƙƙe da busasshe, kuma daga sama ake farawa. Tagar da na yi wa toka sai da na bi ta sau uku.

Jajibirin zuwan baƙi, da la'asar, lokacin da rana ke tona asirin gilashi, shef ya shiga bironsa. Ina tsaye bakin ƙofa da tsumma a kafaɗa. Ya tsaya gaban tagar. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Sannan ya miƙa hannu a hankali har yatsansa ya taɓa gilashin, don ya tabbatar a rufe take.

"Da me ka wanke?"

Direba na bayana, ya yi caraf ya ce, "Ruwan Kano ne, Mushe, ni na kawo."

Da na yi shiru da an tafi a haka, kuma da ya fi kama da aikin biro. Amma bakina ya ƙi.

"Tsamiya ce, Mushe, da ruwan famfonka. Kuma ba dabarata ba ce, ta maiɗakina ce."

Ya dube ni, ya dubi bedin, ya yi dariya. Ya ce, "To ka gaishe ta. Ka ce mata mutanen Damagaram sun huta."

Yanzu na san akwai binegar, wani ruwan tsami, a kanti, shi ma yana yi, har ba ya kiran ƙuda. Ruwan shuɗin nan ma ba laifinsa ba ne, ni na ɓata shi. Wasu birori biyu da wani kantin magani sukan kira ni in wanke musu gilashi, kuma duk inda na je, kafin in buɗe kwalba sai na fara ɗanɗana ruwan gidan. Suna yi mini kallon mahaukaci, ni kuwa ko a jikina.

A ranar dai na koma gida da sauri na ba ta saƙon shef. Ta ce, "Madalla," ta ci gaba da tankaɗe, kamar ba komai. Na duba tabarma, na duba bayan ƙofa, ban ga jakar ba, kuma ban iya tambaya ba. Sai ranar kasuwa na shiga ɗaki na gan ta a kan ƙusarta, da sabuwar igiya, ta yi ƙundum kamar mai shirin tafiya. Na sauko da ita na buɗe. Tsamiya ce cike har baki.

Tana tsaye bayana, ɗiyarmu na riƙe da zaninta.

"Mayar da ita inda ka gan ta, Malam," in ji ta. "Ta sami aiki a gida. Ba inda za ta."