Malamar da Ke Sa a Yi wa Kuskure Tafi

Duk wanda ya ga Inna, mahaifiyata, ta ɗaure mayafi a ƙugu ta nufi ƙofa, ya san akwai wanda zai ji a jikinsa. A wannan safiyar makarantar firamare ta nufa, malamar aji biyar take nema. Kafin in faɗi yadda aka kwashe, bari in gaya muku ko wace ce wannan baiwar Allah, tunda ƙarshen zangon nan za ta ajiye alli ta huta.

Kullum tana isowa mai gadi bai gama share bakin ƙofa ba, jaka a kafaɗa, wani tsohon bokiti a hannu. Abin da ke cikin bokitin na yau daban, na gobe daban: igiya, murafan kwalba, guntun madubi, wani lokaci har da ƙasa. Sai ta buɗe tagogi, ta juya bencina su fuskanci juna yadda yara za su zauna rukuni-rukuni, sannan ta ja layi da alli ta raba allo gida biyu. Ɓangaren hagu na darasi ne. Na dama kuwa haka za ta bar shi fayau, sai darasi ya yi nisa.

Manhajar da aka ba kowane malami ita ce a hannunta, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Abin da ta iya shi ne ɗinke darussa. Da aka zo kan ruwa, sai ta sa yara suka tara gwangwani a ƙarƙashin famfon makaranta da ke ɗiga. A lissafi suka auna abin da ya taru. A kimiyya suka shanya shi a faranti suka ga inda ya tafi. A darasin rubutu kowa ya ba da labari kamar shi ne ɗigon ruwan. Shugaban makarantar ya ce ajinta ya fi kowane aji hayaniya, amma ya daɗe da daina leƙawa don tsawatarwa, domin duk sanda ya je musu yake tararwa a kan karatu. In ta karɓi yara a aji biyar, ita ke raka su har su gama aji shida.

A hannunta Auta ta faɗo. Auta 'yata ce, kuma ita ce ta fi tayar mini da hankali a cikin 'ya'yana. A gida bakinta ba ya hutawa, a makaranta kuwa kamar an ɗinke shi. In ta rubuta amsa sai ta goge, ta sake rubutawa ta sake gogewa, har takarda ta huje. Daga baya ma ta daina wahalar da kanta, ta riƙa miƙa takardar jarrabawa babu komai sai sunanta. Da kyar aka bar ta ta wuce aji huɗu, aka kuma gaya mana in ba ta canja ba, kada mu sa rai da jarrabawar shiga sakandare. Ni aikina walda ne, karatuna bai yi nisa ba. Ina iya haɗa ƙarfe da ƙarfe, amma wannan na rasa ta inda zan kama shi.

Ana nan sai wata rana Auta ta dawo ta ce, "Baba, yau kuskurena aka rubuta a allo, kuma duk aji sun tafa mini."

Inna ta ajiye kofin da ke hannunta. "Tafi? Yarinyar da ake lallaɓawa ita za a mayar abin dariya?"

"Inna, ba haka ba ne fa..."

"Ke rufe mini baki, me kika sani?"

Washegari Inna ta fita, na bi ta a baya ina ba ta haƙuri.

Muka tarar ana tsakiyar darasi. Inna ta yi sallama da ƙarfi ta ce, "Ke ce kike tara yara su yi wa jikata dariya?"

Malama ta taso da fara'a ta jawo mata kujera. "Sannu da zuwa, Mama. Zauna tukuna, ƙafa ta huta. Auta, zo ki nuna wa kakarki abin da ya sa aka tafa miki."

Na san Auta ba ta tsayuwa gaban mutane. Sai ga ta ta taso, ta karɓi alli, ta nuna ɓangaren dama na allo. Ta ce, "Ni na ce ɗaya bisa takwas ya fi ɗaya bisa huɗu girma, saboda takwas ta fi huɗu. Da Malama ta ce wa ya yi tunanin haka, rabin aji suka ɗaga hannu, ashe tsoro ne ya hana su faɗa. Sai muka yanka burodi gida huɗu, wani gida takwas, kowa ya gani da idonsa."

Malama ta ce, "Wannan gefen na kuskuren da ya fi amfani ne, Mama. Wanda ya yi shi ya taimaki aji duka, shi ya sa muke gode masa da tafi. Kuma ba na rubutawa sai mai shi ya yarda."

Inna ta taɓe baki. "Mu a zamaninmu bulala ake ba mai kuskure."

"To tunda kin zo, sai kin taya mu aiki," in ji Malama. Ta zaro lemu biyu, ta ɓare ɗaya, ta jawo bokitin cike da ruwa. "Wanne zai nutse?"

"Wannan ma tambaya ce? Mai bawo mana, ai ya fi nauyi."

Aka saka. Mai bawo ya yi ta yawo a sama, ɓararren ya yi ƙasa abinsa. Yara suka juyo suna kallon Inna. Sai Auta ta ce, "Malama, a rubuta na Inna?"

Inna ta leƙa bokitin, ta dubi jikarta, ta ce, "Ja'ira! A rubuta, amma da manyan baƙi." Ajin ya kaure da tafi. Inna ba ta tashi ba sai da aka yi mata bayanin iskar da ke cikin bawo, kuma har yau in baƙi suka zo gidanmu sai ta aika a sayo lemu.

Malama, ke ce kika gane cewa yaron da ya bar takarda fayau ba lallai ne kansa babu komai ba. Ke ce kika zauna da Auta lokacin hutun tara kina cewa, "Rubuta abin da ya zo miki, in ba daidai ba ne mu gyara tare," har ta daina goge abin da ta rubuta. Mai haƙurin da ba a biya, uwar 'ya'yan wasu. Wata ma'aikaciyar jinya da ta taɓa zama ajinki ta gaya mini a wurinki ta koyi cewa "ban gane ba, a sake" ba tare da jin kunya ba, kuma hakan ya sha hana ta yin ɓarna a wurin aiki. Irin su suna da yawa, ke ma ba ki san adadinsu ba.

Mun gode, Malama. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki lafiyar cin moriyar hutunki. Ku kuma matasan malamai, ku je ku zauna a bayan ajinta kafin ta tafi, ku ga yadda ake yi. Mu iyaye, in yaro ya kawo amsar da ba daidai ba, mu fara tambayarsa yadda aka yi ya kai gare ta kafin mu ɗaga murya.

Makon jiya Auta, wadda yanzu take aji shida, ta rubuta jarrabawar shiga sakandare. Ina tsaye a bakin ƙofa ta fito da gudu, yatsunta duk tawada, ta ce, "Baba, ban bar ko ɗaya ba, har takarda na ƙara karɓa!" Ko ta ci ko ba ta ci ba, har yanzu ba mu sani ba, sakamako bai fito ba tukuna.