Hular Kwanon da Na Zaɓo wa Ɗana

Ko na manta komai a rayuwata, ba zan manta da ranar da hular kwanon da na zaɓo da hannuna ta kasa tsare ɗana ba. A shekarun da arzikin man fetur ya shigo ne, ina fataucin shanu a Daura. Ƙanena ya dawo daga karatu a Turai, ya kawo wa babban ɗana, mai shekara goma, tsarabar wasu takalma masu tayoyi a jere a ƙasansu. Ya ja mini kunne ya ce, "Yaya, kada ka bari ya hau kwalta da su sai da hular kwano a kansa."

Da na kai shanu Kano, sai na biya wajen wani mai sayar da kayan babur. Ya ɗauko ƙaramar hular kwano ya ce, "Alhaji, in ɗan shekara goma ne, wannan ce tasa. Ita hular nan so ake ta kama kai." Ni kuwa Allah ya yi ni da kafiya, kuma a gidanmu ba a taɓa ɗinka wa yaro riga daidai jikinsa ba. Da girma ake yi, ya girma a ciki, ƙannensa su gada. Na ce, "Malam, kan yaro kullum ƙaruwa yake, ba ni babbar." Ya girgiza kai, ya miƙo mini.

Da yaron ya sa ta, har girarsa ta rufe. Uwarsa ta yi ta dariya, ta cusa tsumma a ciki, muka ce ai shi ke nan. Igiyar haɓar ma ko an ja ta har ƙarshe reto take yi, amma ban damu ba.

Ran nan da la'asar ina zaune a ƙofar gida, yaron yana gudu da takalman a sabuwar kwaltar hanyar Mai'adua, yana ihu, "Baba, kalle ni!" Sai hular ta zamo ta rufe masa ido. Ya ɗaga hannu zai gyara, tayar ta ci tsakuwa, ya tafi da baya. Kafin ya kai ƙasa hular ta fice. Har yau ina jin ƙarar da ƙeyarsa ta yi a kan kwaltar.

Kwana uku ya yi a asibiti bai san wanda ke kansa ba. Allah ya tashi kafaɗarsa, amma kunnensa na dama bai ƙara ji ba. Yanzu shi ma ya yi furfura, bai taɓa ɗora mini laifi ba ko sau ɗaya. Sai dai duk lokacin da na yi masa magana ya juyo da kunnen hagu ya ce, "Na'am, Baba?" kunya da baƙin ciki suke rufe ni.

Daga ranar na gane cewa abin da zai tsare rai, daidai jikin mai shi na yau ake zaɓa, ba na baɗi ba. Na so hular ta daɗe masa, sai ga shi raunin ne ya daɗe.