Ranar da Aka Sa Hamisu a Lamba Tara

Har yau in na ji ƙamshin gyaɗa tana soyuwa a cikin yashi, sai in ga kaina a tsakar gidanmu na unguwar Karantina a Jidda, ina zaune kan tabarmar roba, ƙafafuna duk cizon sauro. Kakarmu ce mai suyar. Mu da aka haifa a Jidda Sitti muke ce mata. Kullum sai ta ce sunan bai kama jikinta ba, amma da shi ta amsa har ta koma ga Allah. Da an sallame Magariba take hura gawayi, ta ɗora kasko, ta zuba yashi, ta soya gyaɗar da za ta kai bakin makarantar yara da safe. Daga nan zuwa kiran Isha'i lokacinmu ne. Mu ɓare mata gyaɗa, ita ta yi mana tatsuniya.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda aka saba a garinsu. Cewa take yi, "Ga ta nan, ta ƙetaro teku ba fasfo." Mu kuma mu amsa, "Ahlan, ta shigo, ba mai tambayarta." Kullum sai mun yi dariya. Mutum ɗaya ne ba ya taya mu, Hamisu.

Hamisu ɗan ƙanwar babanmu ne. Mahaifiyarsa ta zo umra da shi a goye, ta zauna ba ta koma ba, ta rasu yana ɗan shekara huɗu. Mu sunayenmu na cikin iƙamar babanmu, takardar izinin zama a ƙasar. Shi kuwa babu takardar da ta san da zamansa a duniya. Sitti ta raine shi da doka ɗaya tak, kada ya ƙetare babban titi. A lungunan Karantina, in motar 'yan kame ta shigo, kafin ta karya kwana labari ya riga ta, kowa kuma ya san ƙofar da zai faɗa. A can ƙetaren titi ba ƙofar da ta san shi.

Da Allah ya tashi rabon ƙafa sai ya ba shi ta hagu. A filin ƙasa na bayan layinmu, in ƙwallo ta zo ƙafar nan, mai tsaron gida sai dai ya yi salati. Yana ɗan shekara goma sha bakwai lokacin, ni ina sha biyu, kuma ban yarda akwai wanda ya fi shi a duk faɗin Jidda ba. Ban taɓa zuwa filin ba, don mu mata ba a barinmu, amma daga saman ɗakinmu ana hango rabinsa, kuma rabin nan ya ishe ni yanke hukunci. Bakina kuwa tun ina ƙarama Sitti take cewa reza ce.

A hutun makaranta na wannan shekara ƙungiyar layinmu ta kai wasan ƙarshe na gasar unguwanni. Da 'yan unguwar Nuzla za a kara, a wani fili can Bagdadiyya. Saura kwana uku, mai lamba tara ya faɗo daga tsani a wurin aikin fenti, ƙafa ta kumbura. Yayanmu Usman shi ne kyaftin, don haka duk gardamar ta dawo bencin ƙofar gidanmu. Ni aka ba aikin ɗinka lambobi a bayan riguna, sai na ɗauko allurata na zauna a bayan ƙyaure, ba abin da ya wuce ni.

Manyan masu gardamar biyu ne. Malam Tanko tela, wanda bai taɓa shurin ƙwallo ba amma rediyo ba ta rabuwa da kunnensa, da Idi direba, mai ɗaukar kayan miya a akori-kura. Suna jera murafen lemo a ƙasa, kowane murfi ɗan wasa ne, wannan ya tura gaba, wancan ya dawo da shi. Wasu suka ce Usman ya matsa gaba da kansa. Wasu suka ce a cika baya a jira bugun fenareti. Idi ya ce a sa Salehu, yana nan a benci tun farkon gasa. Malam Tanko ya ce Salehu in ya kama gudu kamar mai ɗauke da tulu biyu ne, ga Hamisu a zaune a gida ana neman mai lamba tara, wannan ai riƙe da wuƙa ne ana yagar nama da haƙori.

Idi ya ce, "Salehu yana da iƙama a aljihu, ya sheikh."

"Iƙama ba ta cin ƙwallo."

"Amma tana dawo da mai ita gida."

Hayaniya ta sake tashi. A kwana na biyu Malam Tanko ya zo da dabara. Ya ce a filin ba mai kiran sunan Hamisu, lamba tara kawai za a riƙa cewa. Da an busa tashi, ba gaisuwa, ba hoto, a sa shi a bayan motar Idi a rufe da tamfol, a bi ƙananan hanyoyi a dawo. Jama'a suka ce mafi mushkila, wato ba matsala, wannan ai ba wuya. Har Idi ya fara sanyi. Duk wannan gardama da ake yi, ba wanda ya leƙo ya tambayi Sitti, ita kuwa bango ɗaya ne tsakaninta da bencin.

Da yammacin Alhamis, ana gobe wasa, ta sa aka kira mata Usman da Hamisu, ta ce yau manya ma su ɓare gyaɗa. Ba iska ko kaɗan ranar, hayaƙin gawayi ya tsaya mana a kai. Ta buɗe tatsuniyar ba tare da wasan fasfo ba.

Ta ce wata mata ce ta gudo daga ƙasar Dodo da jariri. Dodon makaho ne, amma kunnensa yana jin tafiyar tururuwa, kuma ya rantse duk ranar da ya ji sunan yaron zai zo ya ɗauke shi. Sai matar ta raine shi ba ta taɓa kiran sunansa da ƙarfi ba, Wancan kawai ake ce masa. Garin da ta sauka kuwa kowace kaka suna wasan langa da garin ƙetaren rafi. Da yake mu ba mu san langa ba, sai da ta tsaya ta nuna mana yadda ake riƙe ƙafa ɗaya ana tsalle, da yadda kowane ɓangare ke zaɓar mutum guda wanda in ya kai gaci an ci wasa. Shekara bakwai ana cinye su. Dattawa suka zauna gardama a gindin tsamiya, wannan ya kawo ɗan wane, wancan ya ce ɗan wane ƙafarsa gajera ce, daga ƙarshe kowa ya san idonsa a kan Wancan yake. Suka je wa matar da alkawari cewa ba bakin da zai ambaci sunan.

Sitti ta juya gyaɗa, ta daɗe tana juyawa. Sannan ta ce, da muryar nan tata mai kaushi, "Kuma sun cika alkawari. Yaro ya kai gaci, ba bakin da ya furta. Sai makaɗi daɗi ya kwashe shi, ya matse kalangu a hammata. Kalangu kuwa, 'ya'yan nan, magana yake yi."

Ta ce kalangu ya kira sunan yaron sau uku. A na uku tsuntsaye suka tashi daga kan dutse. Mutane na rawa, ba wanda ya lura inuwa ta rufe rafi. Da ƙura ta lafa, sai sawun ƙafa ɗaya aka gani a kan yashi.

Ƙanena ya tambaya sai me ya faru. Ta ce sai mutanen gari suka koma gida da nasararsu, kowa ya ci tuwo ya kwanta. Ya ce ita uwar fa? Ta ce tana nan bakin rafi tana jira. Muka saurari ƙurunƙus ba ta faɗa ba, ta sauke kasko kawai.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Usman ya sunkuyar da kai. Hamisu ya ce a hankali, to ko Salehun za a bari ya buga. A nan ne haushi ya kore mini tsoro. Kwana biyu ina ɗinka lamba tara da zare ninki biyu saboda shi. Na ce, a gaban kowa, ashe zakin tsakar gida ne, tatsuniyar yara ta sa shi ya kwanta. Sitti ta dube ni ta ce, "Rabi, baki shi ke yanka wuya." Hamisu ya miƙo hannu ya karɓi rigar daga cinyata.

Bayan La'asar ta Juma'a layinmu ya zama kamar an yi shara, duk maza sun tafi. Sitti ba ta ci abincin rana ba. Ta hura gawayi tun kafin lokacinsa, ta zauna tana kallon ƙofa. Gab da Magariba muka jiyo hon na motoci daga nesa, ba ɗaya ba, ba biyu ba, ana buga shi da kari kamar kiɗa, yana matsowa. Na yi tsalle na ce mun ci. Sitti ta ajiye ludayin suya ta ce, "Kalangu ke nan." Hon ɗin ya matso har wajen babban titi, sai ya ɗauke ɗif.

Usman ne ya shigo da kofi a hannu, riƙe da shi kamar abin da ya tsinta. Hamisu ya ci biyu. A filin ba wanda ya kira sunansa, sun cika alkawari. Amma da aka miƙo kofin sai aka ce ba mai ɗaga shi sai lamba tara, aka ɗora shi tsaye a bayan akori-kura, tamfol ɗin yana ƙarƙashin ƙafarsa. Maimakon ƙananan hanyoyi sai aka biyo babbar hanya, wai 'yan Nuzla su gani. Idi, wanda ya fi kowa ƙin a sa shi, shi ya fara danna hon. Jerin motoci ya tare titi, 'yan sanda suka tsayar da su, aka ce kowa ya fito da takarda. Kowa ya fito da tasa, ban da Hamisu. Daga inda aka tsayar da su ana hango bakin lungunmu.

Bayan 'yan makonni aka sa Hamisu a jirgi zuwa Kano, garin da ya bari a bayan uwarsa. Idi ya zo ya durƙusa gaban Sitti yana kuka, ta ce masa ya tashi, halas, magana ta wuce. Malam Tanko ya daina bi ta layinmu. Ni kuwa Sitti ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, wannan kuwa ya fi mini dukan tsiya ciwo. Kofin da aka ajiye mata a ɗaki ta ɗauko shi ta mai da shi abin ɗebo yashi, har ya yi baƙi, hannunsa ɗaya ya cire.

Da Hajji ta zagayo wani alhaji ya kawo mana kaset. Muryar Hamisu ce, Hausarsa ta fara sauya. Ya ce yana lafiya wurin danginmu na can, ana tsokanarsa wai Balarabe. Ya gaishe da kowa da suna, har ni, ya ce zaren lambar bai warware ba. A ƙarshe ya ce, "Sitti, tatsuniyar ranar nan ba ki rufe ta ba. Ki rufe min ita a kaset." Usman ya sa sabon kaset ya danna. Ta matso da bakinta ta ce, "Ba a rufe ta yaro yana waje." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Shekara shida bayan haka ta rasu, ba su sake ganin juna ba.

Na daɗe ina zaton tatsuniyar gargaɗi ce ga Hamisu, ya ji tsoron Dodo. Sai da na haifi nawa 'ya'yan, na ji su gaban talabijin suna gardamar wa ya kamata koci ya sa, wa ya kamata ya cire, kamar murafen lemo suke turawa, sannan na gane da mu take. Da dattawan gindin tsamiya take, da makaɗin, da ni mai allura. Duk muna son yaron, da gaske muke sonsa, amma ba ɗayanmu da ya sa abin kansa a wasan. Mun zaɓa, mun ci, mun koma gida mun ci tuwo.

Hamisu yana nan Kano da iyalinsa, muna waya lokaci-lokaci, furfura ta fito masa. Ya nemi zuwa umra ya ziyarci inda aka binne Sitti, abin bai yiwu ba har yanzu. Na taɓa yi wa 'ya'yana tatsuniyar, na kai har sawun ƙafa ɗaya a kan yashi. Ƙaramin ya jira, ya jira, sannan ya ce da Larabci, Mama, ba ki ce ta ƙare ba. Na ce masa ya tashi, an kira Isha'i.