Maginin da Ya Tono Ginshiƙi na Sha Tara

Baba Magini ya yi shekara arba'in yana gina katanga da kwalbati, amma yau da ginshiƙi ɗaya tak ake tunawa da shi.

Yana da ƙuruciyarsa, gwamnatoci biyu na 'yan mulkin mallaka suka ɗauke shi aikin shata iyaka. Wata huɗu yana bin masu awo cikin daji, duk inda suka kafa tuta sai ya kwaɓa siminti ya tsayar da ginshiƙi.

Bayan shekara talatin yaƙi ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu. Aka rufe iyaka, sojoji suka ja daga a gefe biyu na wata rijiya, kowa ya ce tasa ce. Rijiyar kuwa ƙauyuka shida ke sha, har da na ƙanwar Baba a tsallake.

Gwamnoni suka turo wakilai, suka zauna a siton auduga na tashar jirgi. Surukin Baba ne tafinta. Rana ta uku ya shigo gida da azahar, gumi sharkaf.

"Baba, abin ya ƙi. Kowa da taswirarsa, ginshiƙin da zai raba gardama kuma yashi ya cinye shi. Gobe za su tashi baram-baram."

Baba ya ce, "Na sha tara? Ai na san inda yake."

Matarsa ta dafe ƙirji. "Malam, masu bindiga fa! Ina ruwanka?"

Shi dai ya laluba takalmansa.

A sito, babban wakili ya dube shi sama da ƙasa, ya tambaya ta bakin tafinta ko ya iya karanta taswira.

"Ranka ya daɗe, ban iya ba. Amma abin da aka zana a cikinta, hannun nan ne ya gina shi."

Aka ɗaga farin ƙyalle, aka ɗunguma fadama. Baba ya tsaya jikin wani tsagaggen dutse, ya ƙirga taku sittin gabas, ya ce a haƙa. Aka haƙa har ƙugu, babu komai. Wani hafsa ya fara murmushin raini. Baba ya leƙa ramin. Ya dubi ƙafafunsa, sai dariya ta kama shi.

"Kai, tsufa! Da takun saurayi na auna shi."

Ya sa wani soja dogo ya sake takawa. Ba a jima ana haƙa ba shebur ya ce ƙwal! Ga ginshiƙi, ga lamba sha tara, ga tambarin kowace gwamnati a gefenta. Da masu awo suka ja layi zuwa na ashirin, sai ya ratsa tsakiyar rijiyar cif.

Kafin la'asar an sa hannu: sojoji su ja baya, kowa ya ɗebi ruwa, a buɗe hanya. Ƙanwarsa ce ta fara tsallakowa, tana kuka tana yi masa faɗan ya rame.

Wakilai suka tambaye shi me yake so. Ya ce siminti buhu ɗaya, don shebur ya ɓantare kan ginshiƙin, kuma bai yarda a ga aikinsa haka ba.

Ya ƙara shekara sha ɗaya a duniya. In aka ce shi ya hana zubar da jini, sai ya karkaɗe hannu ya ce, "Ni dai na san kwaɓin ya yi kyau."