Mai Shuɗin Mayafi a Bodar Jibiya

Tana tsaye a inuwar wata tirela, ta ɗora hular kamfanin taki a kan shuɗin mayafinta. Direbobin kamfanin sun kewaye ta suna hayaniya, don tun jiya takardun kayansu ba su iso ba. Ban san sunanta ba, amma na san aikinta, hulɗa da jama'a, don shi nake yi wa wani kamfanin sufuri tun tana goye.

Ga ta nan ta durƙusa gaban wani dattijon direba ɗan Maraɗi, tana miƙa masa wayarta.

"Baba, faɗi kukanka da bakinka, manaja zai ji yanzu."

Dattijo ya faɗa, har da zagi. Ba ta goge komai ba, ta tura. Kafin shayinsa ya huce, sai ga muryar manaja yana ba shi haƙuri.

Ƙila ba ta taɓa shirya taron manema labarai ba. Ni kuwa na yi furfura ina tace zagi kafin ya kai kunnen oga. Abin da ya fi ci mini rai, direbobinmu sun wuce ni sun je suna tambayarta ko wayar tata tana kaiwa wurin namu manajan.