Yalo kek na ci

Shekaru maigidana ya yi yana ɗura yalo kek a ganguna a kamfanin ma'adinai na Arlit, ni kuwa ban taɓa tambayar ma'anar sunan ba. Na san dai wani garin dutse ne rawaya mai guba, sai an rufe hanci da baki kafin a kusance shi, kuma shi Turawa ke kwasa.

Da kasuwar abin ta faɗi aka rage ma'aikata, har da shi. A ƙauyenmu na Damagaram damina ta ƙi, hanyar Agadez kuma saboda tawaye ba a bin ta sai da rakiyar sojoji. Duk da haka ya ce mu ɗaure kaya mu koma ƙauye. Ni abin da ya tsaya mini a rai yarana mata biyu ne da ke lakwal, wato makaranta, don ƙauyenmu ko allo na boko babu. Na ce ba inda za ni. Muka kwana uku ba ma magana.

Maƙwabciyata, wata Kirista 'yar Maraɗi da ta taɓa zama a Jos, ita na kai wa kukana. Na ce Allah ya isa tsakanina da yalo kek. Ta tuntsire da dariya.

"Maman 'yan mata, kin ko san mene ne kek? Ai gato ne da Ingilishi! Yalo kuma rawaya."

Ta ce sandar sabulu ma kek suke ce mata, har taɓon da ya bushe a ƙafa. Na ce lalle Turawan nan ba su da ta ido, guba da sabulu da abin biki duk suna ɗaya.

Ita ta koya mini gashin gato: a zuba yashi a tukunya, a dasa gwangwanayen madara a ciki, garwashi sama da ƙasa. Yashi dai Arlit ba ta taɓa rowarsa ba. Ƙwai ya yi wuya, sai na barbaɗa kurkum ya ba da launi. Na farko ya ƙone, na biyu ko akuya ta ƙi shi.

Ranar da ya yi kyau na ɗauki faranti na tsaya inda motar ma'aikata ke sauke su. Kunya kamar ta kashe ni, amma na buɗe murya: "Yalo kek! Yalo kek na ci!" Wani ya riƙe ciki don dariya, ya ce a ba shi biyu ya ji abin da suke haƙa. Kafin la'asar faranti ya koma gida wayam.

Ba mu tafi ba. Yaran suka gama lakwal a Arlit, kuma har gobe ina alfahari da wannan.

Maigida ya yi wata guda yana kau da kai daga farantina. Wata safiya na same shi tsugune yana jera gato a kwali, a tsanake, yadda ya saba da ganguna. Ya ɗauki ɗaya ya jujjuya shi, ya gutsura.

"Shekara da shekaru ina ɗura shi," ya ce, "sai yau na ɗanɗana."